Yadda ake saita kabsul mai ƙwaƙwalwa da gwada shi kafin a tayar da nakiya a mahjar, wato wurin fasa dutse

'Yan'uwanmu da ke aikin fasa dutse a Saudiyya sun ga yadda aikin ya sauya hannu. Daga kassarori, wato injunan niƙa dutse ya zama tsakuwa, na wajejen Bahra da Jumum, zuwa wuraren da ake haƙar farar ƙasar siminti a Rabig da Yanbu, har manyan mahaƙun kamfanin Ma'aden irin su Duwaihi da Mansura-Massara na zinariya da Jalamid na fosfat, kabsul mai ƙwaƙwalwa yana ta karɓe wurin tsohon kabsul mai bututu. Kabsul shi ne ɗan ƙaramin abin da ake sawa a rami ya tayar da nakiya. Da yawa daga cikin samarinmu sun shiga aikin a matsayin masu taimako: su ɗauki waya, su cika rami, su tsare hanya. Saboda su na rubuta wannan, don su san abin da mai tayarwa yake yi da na'urar da ke hannunsa, da dalilin da ya sa yake tsayar da aiki a kan abin da su suke gani ƙarami.

Ɗan'uwa, ka riƙe wannan tun farko. Nakiyar aiki a ƙasar nan ba ta fita daga mustauda, wato ɗakin ajiyarta, sai da tasarihi, wato takardar izini, daga Ma'aikatar Cikin Gida, kuma ba mai taɓa na'urar saiti sai wanda ke da lasisi, wanda kamfanin da ya ƙera kabsul ɗin ya horar da shi a kan wannan samfurin. Wannan rubutu ba zai zame maka lasisi ba, ba kuma zai maye littafin kamfani ba. Inda maganata ta saɓa wa littafin, bi littafin.

Abin da ke cikin kabsul ɗin

Tsohon kabsul yana jinkirta tashi ne da wani sinadari da ke ci a hankali a cikinsa. Sinadari kuwa yana tsufa, zafi yana taɓa shi, don haka kabsul biyu masu lamba ɗaya ba lalle su tashi lokaci ɗaya ba. Na zamani yana da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai agogo, da ma'ajin caji ƙarami, da lambar shaida wadda babu wani kabsul da ke da irinta. Kai ne za ka gaya masa milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) nawa zai jira, daga sifili har 20,000 ko fiye a samfura da yawa, kuma kuskurensa ba ya taka kara ya karya.

Amma babbar falalarsa, a ganina, ita ce yana amsawa. Ka tambaye shi yana nan, ya ce yana nan. Ka tambayi lokacinsa, ya faɗa. Idan wayarsa ta ji rauni, na'ura ta nuna maka tun mutane suna kan dutse. Da tsohon kabsul sai bayan ƙura ta lafa kake sanin ramin da ya ƙi tashi. Duk aikin da zan bayyana ya ginu ne a kan sauraron wannan amsa.

Na'urori biyu ne. Ta hannu, wadda ake kira loga, da ita ake yawo a kan dandamalin dutse, wato shimfiɗar da aka haƙa ramuka a kanta. An ƙera ta ne da ƙarfin wuta kaɗan wanda bai isa ya tayar da kabsul ba. Ta biyu ita ce akwatin tayarwa, wanda ke cika ma'ajin cajin kowane kabsul ya ba da umarni. Akwatin ba ya hawa dandamali muddin akwai mutum a kai. Kowane kamfani da tsarinsa: i-kon na Orica, DigiShot na Dyno Nobel, DaveyTronic, AXXIS na BME, E*Star na Austin. Ba sa jin yaren juna. Kada a taɓa haɗa kabsul na wannan da loga na wancan, kada kuma a gwada shi da mitar wutar gida ko batir.

Tun kafin a hau dutse

A yi cajin loga da akwati tun dare. Da safe a kunna su, a bari su gama gwajin kansu, a duba takardar da ke nuna ranar da ya kamata a mayar da su kamfani don bincike ba ta wuce ba. A goge aikin jiya daga loga bayan an tabbatar an kwashe shi zuwa kwamfuta. Ragowar lambobin jiya a cikin aikin yau yana rikita ƙidaya. Sannan a ɗora taswirar yau da muhandis, wato injiniya, ya sa wa hannu, a buga kwafinta a takarda. Makullin akwatin tayarwa, ko kati ne ko lambar sirri, yana jikin mai tayarwa shi kaɗai, ba a cikin mota ba.

A mustauda a ƙirga kabsul ɗaya-ɗaya a gaban mai ajiya, a rubuta, a sa hannu. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali da tsawon waya, don kada a kai kabsul mai wayar mita 15 ramin mita 18. Kabsul da nakiya ba sa tafiya a ɗaki ɗaya na mota. A zafin Hijaz, kwalin da aka bari a rana a kan baƙin dutse yana ɗaukar zafin da ya wuce na iska nesa ba kusa ba, robar waya ta yi laushi ta riƙa yagewa da ɗan gogawa. A ajiye su a inuwa, a fito da iya abin da za a yi aiki da shi yanzu. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, saboda haka a tsara loda ramuka ta ƙare da hantsi. Abin da ke jawo gaggawa a dandamali sau da yawa shi ne an makara da safe.

A killace dandamali, a sa alamomi. Wayar salula da oba-oba su tsaya a nisan da littafin kamfani ya faɗa. Daga nan mai tayarwa ya zaga ramuka da taswira a hannu: ya auna zurfi, ya ga wanda ya toshe, wanda ruwa ya kwanta a ciki, wanda aka haƙa ba ya cikin taswira. A rubuta lambar kowane rami a dutse ko ƙaramar tuta a bakinsa. Duk bambanci tsakanin takarda da ƙasa a kai wa muhandis yanzu, ya gyara lokuta kafin a fara. A mahaƙun da dutsensu ke da kibiritu a auna zafin rami ma, domin irin wannan dutsen yana iya yin faɗa da nakiya tun ba a taɓa komai ba.

Sa kabsul a rami

Kafin a sa kabsul cikin busta, wato ƙaramin curin nakiya da ke tayar da babbar nakiyar rami, a bi wayarsa da ido da yatsa a nemi yanka ko murɗiya. Idan tsarinku ya yarda, a taɓa shi da loga a ji ya amsa. Wanda ya faɗi ƙasa da ƙarfi ko jikinsa ya lotsa a ware shi a mayar. A zura busta a hankali, waya tana warwarewa daga ƙullinta ba tare da fizga ba. A ɗaure bakin wayar a sanda a gefen rami don kada ta sulale ciki.

Ga inda nake son masu taimako su buɗe kunne. Yawancin matsalar da na'ura ke kamawa daga baya a nan ake haifar da ita. Tiyon motar nakiya yana goge waya a bangon rami. Tsakuwar ciko da ake toshe saman rami da ita, wadda aka fi so mai kaifi ce don ta riƙe rami da kyau, tana iya yanka roba idan aka juye ta da garaje. Shebur yana sara. Tayar mota tana takawa. Don haka mutum ɗaya ya riƙe waya a jikin bangon rami, ba a miƙe tamau ba, ɗaya yana zuba ciko sannu-sannu.

A gwada kabsul sau biyu: bayan an zuba nakiya kafin ciko, da kuma bayan ciko. Na farkon shi ne mai daraja, domin idan kabsul ya yi shiru a lokacin, ana iya sa wani busta da sabon kabsul a saman nakiyar. Bayan an rufe da tsakuwa mita uku ko huɗu, dama ta ragu ƙwarai. Shi ya sa a ramuka masu zurfi ake sa kabsul biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama.

Rajista da ba da lokaci

Mutum ɗaya ne ke riƙe loga daga ramin farko zuwa na ƙarshe na yankinsa. Yana bin hanyar da aka zana a taswira, ba wadda ta fi masa sauƙin tafiya ba. A kowane rami ya karanta lambar da ke tuta, ya duba ita ce loga ke jira, sannan ya haɗa maƙalin kabsul ko ya haska tambarinsa, gwargwadon samfuri. Loga ta ɗauki lambar shaida, ta haɗa ta da rami da lokacinsa. Abokin tafiyarsa ya sa alama a takarda, ya kuma sa alama a bakin ramin da fenti ko alli.

A wasu tsare-tsaren lokaci yana fitowa daga taswirar da aka ɗora. A wasu ana ba loga tazarar rami da rami da ta layi da layi ta lissafa da kanta. A wasu kuma da hannu ake bugawa. Kowanne da tarkonsa. A na farko da na biyu, idan ka tsallake rami ɗaya da ya toshe ba ka gaya wa loga ba, duk ramukan da ke bayansa za su ɗauki lokacin maƙwabcinsu, kuma na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, domin ita kabsul take gani, ba ta ganin ƙasa. A na uku, yatsa ne: 250 ya zama 25, rami na layin baya ya tashi alhali dutsen gabansa bai motsa ba. Nakiyar da ba ta sami hanyar gaba ba sama take yi, ta watso duwatsu har inda ba a zata ba. A ramin da ke da kabsul biyu a tabbatar an san wace waya ce ta ƙasa, wace ce ta sama. A ɗaura wa ɗaya ƙyalle tun lokacin lodi.

Zaɓen lokutan aikin muhandis ne, amma mai tayarwa ya san abin da ake nema. Ana son kowane rami ya sami fili a gabansa kafin ya tashi, ana kuma son kada ramuka da yawa su tashi tare, don jijjigar da ke isa gidaje da hanyoyi tana bin yawan nakiyar da ta tashi a lokaci guda. Tsohuwar ƙa'idar da ta fito daga binciken hukumar ma'adinai ta Amurka tana ɗaukar duk ramukan da tazararsu ba ta kai milisakan 8 ba a matsayin tashi ɗaya. Ga misali don ka ga yadda karo ke ɓuya. A ce tazarar rami da rami milisakan 17 ce, ta layi da layi 60. Rami na takwas a layin farko zai tashi a 119. Ramin farko a layi na uku zai tashi a 120. A taswira suna nesa da juna, amma ga gidan da ke bayan tsauni bugu ɗaya ne mai ninki biyu. Idan aka jera lokutan duka daga ƙarami zuwa babba a kwamfuta, irin wannan yana fitowa fili. Mai tayarwa ba ya canja lokaci da ra'ayinsa a kan dandamali. Ya kira muhandis, a canja a takarda da loga tare, a sa hannu.

Uwar waya da gwajin layi

Bayan rajista ana shimfiɗa uwar waya mai tagwayen igiya a bin layukan ramuka, a maƙala kowane kabsul a jikinta. Maƙali ya rufe har ka ji ƙarar kamawarsa, igiyoyin biyu kowace a gurbinta. A ɗaga shi daga ƙasa idan akwai laima, a goge nakiyar ruwa da ta shafe shi, domin tana ɗauke da gishirin da ke jan wuta. Bakin uwar waya na ƙarshe a raba igiyoyinsa a naɗe kowace daban. Kada a wuce adadin kabsul ko tsawon wayar da littafi ya yarda wa layi ɗaya.

Yanzu a haɗa loga da uwar waya a yi cikakken gwaji. Ƙorafin da za ta yi yawanci ɗaya ne daga cikin huɗu.

Yoyon wuta shi ne mafi yawa: roba ta yage a wani wuri, wuta tana zurarewa cikin ruwa ko nakiya ko ƙasa. Loga tana nuna shi da miliamfiya, kuma kowane tsari yana da iyakarsa. Haɗarinsa shi ne saƙo ya raunana ko wani kabsul ya kasa cika cajinsa. Kada ka duba lambar kawai, duba ko tana hawa. Yoyon da ke ƙasa da iyaka da ƙarfe tara yana iya wuce ta da sha ɗaya, ruwa yana ƙara shiga yankan. Sai gajeren haɗi, inda igiyoyin biyu suka taɓa juna, layin duka ya yi shiru. Sai kabsul da aka yi wa rajista amma bai amsa ba. Sai baƙo, wato kabsul da ke kan waya amma loga ba ta san shi ba. Wannan yana nufin an tsallake wani a rajista, ba shi da lokaci.

Hanyar neman yoyo ko gajeren haɗi ita ce rabawa biyu. Idan kabsul 48 ne a layi, a raba uwar waya a tsakiya, a gwada kowane ɓangare. Ɓangaren da ke da ciwo a sake raba shi: 24, 12, 6, 3. Cikin 'yan gwaje-gwaje ka isa wurin, maimakon cire maƙali ɗaya-ɗaya a rana. Sau da yawa za ka tarar maƙali ne bai zauna ba ko dutse ya danne waya, gyaran minti ɗaya. Idan raunin yana cikin rami ne, a bi littafi: wani lokaci ana ware wannan kabsul a layinsa shi kaɗai, wani lokaci ba ya ceto. Wanda ba ya ceto ba a share shi daga loga don allo ya yi kore. A rubuta lambar ramin, a sa masa alama, a sanar da muhandis da mudir, wato manaja, tun kafin tayarwa, a ɗauke shi a matsayin ramin da zai iya ƙin tashi, a tsara yadda za a yi da shi. Na sha ganin an matsa wa mai tayarwa saboda kassara ta tsaya babu dutse, motoci sun yi layi. Kassara ta jira. Busta mai rai da ya shiga tulin dutse, bokitin katafila ko muƙamuƙin kassara ne zai same shi, kuma akwai ɗan wani a zaune a wurin.

Kafin a sauka, ƙidaya uku su zama ɗaya: abin da taswira ta ce, abin da loga ta gani a kan waya, da abin da aka karɓo daga mustauda in an cire wanda ya rage a kwali. Ramuka 48 masu kabsul biyu-biyu, 96 ke nan a wurare ukun. Idan ɗaya ya ce 95, ba a sauka. Sannan mutum na biyu, ba wanda ya yi rajista ba, ya karanta jerin lokutan daga allon loga, wani yana bi a takarda, su kuma taka dandamalin su ga kowace waya da ta fito daga rami tana da maƙali a jikin uwar waya. Idon wanda ya yi aiki yakan ga abin da yake zaton ya yi.

Duk tsawon wannan aiki wani yana kallon sama. An ƙera kabsul ɗin ya jure ɓatacciyar wuta da tartsatsin jiki fiye da tsohon na lantarki, amma ba abin da ke jure tsawa. A duwatsun Ɗa'if da Asir hadari yana haɗuwa da sauri, Jidda ma tana samun nata da sanyin hunturu. Da an ji rugugi ko guguwar ƙura ta taso, a bar komai yadda yake, kowa ya fice zuwa nisan tayarwa, a tsare hanyoyi.

Tayarwa

A ja wayar jagora zuwa wurin fakewa, ko a kafa akwatin da ake sarrafawa daga nesa idan irinsa ne, a gefe ko bayan fuskar dutse, ba a gabanta ba. A fitar da mutane da injuna, a ƙirga kawuna da sunaye. Masu tsaron hanya kowa ya amsa ta oba-oba cewa wurinsa a rufe yake. A tuna da makiyayan raƙuma da awaki da ke ratsa kwaruruka ba su san da jiniya ba. Sai bayan haka ake haɗa waya da akwati a sa makulli.

Akwatin zai sake kiran kowane kabsul, ya tabbatar da lokacinsa, ya daidaita agogonsa. Wannan yana ɗaukar mintuna a babban aiki; a bar shi. Adadin da ya nuna ya dace da na loga. Idan ya kawo kuskure, a dakata, a cire makulli, a cire waya, a jira lokacin da littafi ya ba ma'ajin caji ya huce, sannan mai tayarwa ya hau. Idan komai lafiya, a busa jiniya yadda dokar wurin ta tsara, a yi caji, a ƙirga a bayyane ta oba-oba, a danna. Duk mai tsaron da ya ce a tsaya, an tsaya, ko da saura ɗaya a ƙidaya. Bayan umarni ya fita kowane kabsul yana tafiya da cajinsa da agogonsa, ko dutse ya tsinke waya zai tashi a lokacinsa, babu kuma mai iya kiransa ya dawo.

Bayan ƙara

Kada a ruga. A jira ƙura da hayaƙi su wuce, musamman hayaƙi mai ruwan goro, wanda guba ne da ke iya kama huhu sa'o'i bayan an shaƙe shi. A karanta rahoton akwati. Idan akwai shakkar ramin da bai tashi ba, ba mai shiga sai an cika lokacin jira. Ga kabsul mai ƙwaƙwalwa an fi ba da minti 30, dokar wurinku tana iya fin haka. Mai tayarwa ne ke fara shiga, ya duba tulin: wayar da ta fito lafiya daga rami, dutsen da bai motsa ba, ragowar nakiya. Idan an samu, a killace, a kira muhandis. Ba a jan waya, ba a tono da katafila, ba a sa injin haƙa cikin tsohon rami. Sai ya ce wuri ya yi lafiya sannan a busa jiniyar buɗewa.

Ragowar kabsul, har da waɗanda suka lalace, a mayar mustauda a ranar, a ƙirga a gaban mai ajiya, a rufe lissafi. A kwashe bayanan loga da na akwati zuwa kwamfuta, a haɗa da takardar taswira mai gyare-gyaren hannu da sakamakon na'urar auna jijjiga. A rubuta kowane kabsul da ya yi yoyo ko ya yi shiru, da lambar raminsa da lambar kwalinsa da wanda ya cika ramin. Bayan 'yan makonni takardun nan za su nuna ko matsalar daga wani rukunin kaya take, ko daga ramukan ruwa na gefe ɗaya, ko daga yadda ake zuba ciko, a san abin da za a gyara kafin lodi na gaba.